Wa Zai Fara Ci? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Riƙe Da Ludayin Takiyya A Unguwannin Hausawan Sudan

Zuwa ga iyayenmu sarakunan Hausawa da umdodi, wato dagatai, da shehunan unguwanni, da malamanmu limamai, da iyayenmu mata masu kwana a bakin murhu, da matasan kwamitocin ciyarwa na Gadarif da Kassala da Sinnar da Maiurno da Damazin da Wad Madani da sauran garuruwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Muna jajanta wa juna yaƙin da ya sami ƙasar nan tun ranar 15 ga Afrilun 2023, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da waɗanda suka gudu gidajensu lafiya.

Kowa ya shaida cewa takiyya, wato tukunyar jama'a da ake ɗorawa a masallaci ko makaranta ko ƙofar gidan wani, ta riƙe rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. Mun rubuto ne a kan tambaya guda wadda kowane kwamiti yake cin karo da ita kullum da azahar, amma da wuya a zauna a tattauna ta da safe: idan abincin na mutum 500 ne, layi kuma ya kai 800, wa zai ci, wa zai koma da kwanonsa a kife? Matsayinmu shi ne kada a bar amsar a hannun mai ludayi, komai tsoron Allahnsa. A zauna a yanke ta, a rubuta, a karanta wa jama'a tun ba a hura wuta ba, lokacin da babu wanda ya san ko ɗan wa ne zai zo a ƙarshen layi. Kamar iyakar gona ce, da rani ake kafa ta, in aka bari sai dawa ta fitar da kai to rigima ce.

Ba zargin masu rabo muke yi ba. Mafi yawansu mutanen kirki ne da suka bar nasu neman suka tsaya wa jama'a. Halin ɗan'adam ne muke tsoro, wanda yake cikinmu duka. Miyar adas, wani irin ƙananan wake, tana kwantawa, kauri ya koma ƙasa, ruwa ya taso sama. Idan mai rabo ya ga fuskar da ya sani, hannunsa yakan nutse zuwa gindin tukunya ba tare da ya yi niyya ba. Idan baƙo ne, ludayi ya tsaya a sama. Dukansu an ba su ludayi biyu-biyu, a ido an yi adalci, amma ɗaya ya tafi da abinci, ɗaya ya tafi da romo. Haka kuma mai ɗaga murya yakan samu kafin mai kawaici, mai ƙarfin tura mutane yakan riga tsohuwa, kuma wanda ya gaji da tsayuwar awa uku a gaban wuta yakan rage hannu a ƙarshe don tsoron kada abinci ya ƙare. Wa'azi kaɗai ba ya gyara wannan. Abin da ke gyara shi: a jera kwanoni a ƙasa, kowanne da katinsa mai lamba da yawan mutanen gidan, masu kwanonin su ja baya. A juya tukunya daga gindi bayan kowane ludayi goma. A yi amfani da ludayi guda da aka auna, a cika shi a share bakinsa. Kada wanda yake zaune a wani lungu ya zuba wa mutanen lungunsa, a yi musanya.

Wannan ma'auni guda yana da asali. Buhari da Muslim sun ruwaito yabon da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa ƙabilar Ash'arawa: idan guzurinsu ya yi ƙaranci a fagen yaƙi, ko abincin iyalansu ya ja baya a Madina, sai su tara abin da kowa yake da shi a mayafi guda, su raba daidai wa daida da mazubi guda. Ya ce su nasa ne, shi nasu ne. A lura da mazubi guda ɗin nan. Mutanen da Annabi ya yaba ma ba su dogara da ƙiyasin ido ba.

Kafin a yi maganar wa zai ci, dole a san me ke cikin tukunyar. Ma'aunin da hukumomin agaji suke aiki da shi a duniya shi ne kalori 2,100 ga kowane mutum a yini, kalori kuwa shi ne awon ƙarfin da abinci yake ba jiki. Giram 100 na dawa yana ba da kusan kalori 340, adas ma kusan haka, mai kuwa kusan 900. Abinci guda mai ɗan auki ga mutum ɗaya, a ce giram 150 na dawa ko shinkafa, giram 60 na adas, giram 15 na mai, ya kama kalori 850 ko kusa da haka. Ga mutum 500 kenan ana buƙatar kilo 75 na hatsi, kilo 30 na adas, mai kimanin lita 8, da gishiri kilo biyu da rabi. Ko an cika wannan, ba a kai rabin abin da jiki yake nema a yini ba. A ɗora malwa, wato mudun da ake awo da shi, a kan sikeli sau ɗaya, a cike da dawa, sannan a cike da adas, a rubuta nauyin a bango, domin malwar wani ɗan kasuwa ba ta wani ba ce, buhun da aka ce cikakke ne kuma sau da yawa an sha shi a hanya.

Hujjar da ta fi kowacce ƙarfi a zukatan mutane ita ce ta zumunta. Mai cewa naka sai naka bai yi ƙarya ba, addini ma bai ƙaryata shi ba. Ya zo a hadisi cewa sadaka ga miskini lada guda ce, ga ɗan'uwa kuwa biyu, ladan sadaka da na sada zumunta. Mutumin da zai bar mahaifiyarsa da yunwa ya tafi neman yabo a waje, babu al'ummar da za ta kira shi adali. To amma hadisin yana magana ne a kan dukiyarka. Buhun da ke ɗakin ajiyar takiyya ba naka ba ne, ko da a zaurenka aka ajiye shi, ko da kai ka yi roƙon kuɗinsa. Amana ce, kuma hukuncinta yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 58: a mayar da amanoni ga masu su, in za a yi hukunci tsakanin mutane a yi da adalci. Wanda ya ɗebi kwano na musamman daga tukunyar jama'a ya kai wa ƙanwarsa yana ganin zumunci ya yi, alhali da abincin marayan wani ya yi shi. In yana son lada biyun nan, ya raba nasa kason da ita.

Daga zumunta sai ƙabila, kuma a nan ne maganar take da ɗaci. Babu wanda ya manta da rikicin ƙabilanci na Yulin 2022 a jihar Nilu Shuɗi, da abin da ya biyo baya a Wad al-Mahi a Oktoban shekarar. An kashe mutane, an ƙone gidaje da rumfuna, iyalai sun watse zuwa Sinnar da Farin Nilu da wasu wurare. Wanda aka kashe wa ɗa, yau ya ga matar ƙabilar da yake zargi ta miƙo kwano, ba ƙaramin abu muke nema a wurinsa ba. Ga kuma 'yan'uwa daga Jidda da Makka da Riyad suna turo kuɗi suna cewa wannan na mutanenmu ne.

A raba maganar gida biyu. Mai bayarwa yana da ikon ware wanda yake nufi da kyautarsa, kuma malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa sharaɗin mai waƙafi abin kiyayewa ne matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Don haka a tambayi mai turo kuɗi tun a lokacin karɓa: na tukunya ne, ko na wasu gidaje? In ya ce na wasu gidaje ne, a buɗe masa shafi daban a littafi, a sayi ɗanyen hatsi a kai gidajen, a gama. Kuɗin da zai shiga tukunya kuwa sai wanda babu sharaɗi a kansa, domin tukunyar da aka ɗora a fili ba ta tambayar asalin mai kwano. Wanda ya ce a dafa amma kada a ba wa ƙabila kaza, wannan ya wuce ware kyauta, ya koma ramuwa da abinci, a yi masa bayani cikin ladabi, in ya ƙi a mayar masa da kuɗinsa. Suratul Ma'ida aya ta 8 ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar adalci. Suratul Insan aya ta 8 ta lissafa fursunan yaƙi tare da miskini da maraya cikin waɗanda ake ciyarwa, alhali jiya-jiya shi ne ya zare takobi. Annabi kuma ya ce akwai lada a cikin kowace hanta mai rai, a kan kare ma ya faɗe ta.

Mu Hausawan Sudan ne ya fi kamata mu gane wannan. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, da dubban alhazan da suka riƙa ratsa Darfur da Kurdufan a ƙafa shekara da shekaru suna neman gaɓar Bahar Maliya, a hanya sun ci asida, wato tuwon mutanen da ba sa jin ko kalma ɗaya ta harshensu. Ban da wannan akwai lissafin zaman duniya. Takiyyar da aka sani ta ƙabila guda ce, ranar da fitina ta tashi babu maƙwabcin da zai tsaya a ƙofarta. Saboda haka kada a buɗe gurbin ƙabila a rajista ko kaɗan. A rubuta lambar kati da lungu da yawan mutane kawai, sunaye kuwa su zauna a littafi guda a hannun mutum biyu amintattu. A lokacin da garuruwa suke sauya hannu, kamar yadda Wad Madani ta faɗa a Disambar 2023 aka ƙwato ta a Janairun 2025, takarda mai sunaye da ƙabilu tana iya zama jerin waɗanda za a zo nema.

Maganar daraja ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Shin liman da mahaddaci da mai unguwa suna da kaso na musamman? Sayyidina Abubakar ya raba dukiyar baitulmali daidai wa daida tsakanin wanda ya riga shiga Musulunci da wanda ya zo daga baya, yana ganin ladan fifikonsu yana wurin Allah, wannan kuwa abin rayuwa ne. Sayyidina Umar daga baya ya fifita wasu a diwani, wato rajistar rabon baitulmali, gwargwadon rigayensu, amma a lokacin yalwa ne. Da yunwa ta zo a shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira Shekarar Toka, shi da kansa ya haramta wa bakinsa man shanu da nama har sai talakawa sun samu. Iyayenmu, girmanku yana nan, a kai muku naku gida kada ku tsaya a rana, amma da ludayin da aka zuba wa kowa.

Inda ya halatta a karkata daga daidaito wuri guda ne, wato buƙata, kuma ita ma a auna ta. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kalori kusan 500 a yini. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 ana gane halinsa da tsinken awon dantse da ma'aikatan lafiya suke rabawa: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, tamowa matsakaiciya. A kuma danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa uku, in wurin ya lotsa bai taso ba a duka ƙafafun, shi ma mai tsanani ne ko da dantsen ya yi kauri. Mai ja da mai kumburi ba aikin takiyya ba ne, a kai su cibiyar lafiya a ranar. Kuskuren da tausayi yake jawowa shi ne a cika wa irin wannan yaro ciki da abinci mai nauyi lokaci guda, jikinsa kuwa ba zai iya ɗauka ba, yana iya mutuwa a dalilin haka. Markaɗaɗɗiyar gyaɗar nan ta asibiti da ake ba su a 'yar leda, kowace guda kalori 500 ce, kuma magani ce ta yaro ɗaya. Uwar da take da wasu 'ya'ya huɗu suna kallonta za ta raba musu, kowace uwa ma haka za ta yi. Maimakon a yi mata faɗa, a tabbatar gidanta yana cikin waɗanda ba a tsallake su a tukunya ko rana ɗaya.

Ga tsarin da muke ba da shawara. A fara cire kason masu ciki da masu shayarwa da yara masu rawaya da marasa lafiya da tsofaffin da ba su da kowa, a zuba shi a tukunya daban tun kafin a buɗe layi, a ƙara masa mai. Sauran a raba shi a kan kawuna. Rabo a kan gida-gida zalunci ne a ɓoye, domin gida mai mutum uku da mai mutum goma sha biyu ba ɗaya ba ne. A ƙirga yaro a matsayin kai guda cikakke, lissafin rabi-rabi yana buɗe ƙofar gardama. Ƙananan yara cikinsu ƙarami ne, ba sa iya cin na yini a zama ɗaya, dafaffen abinci kuma bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafin nan ba. Gara a ba iyayensu garin dawa da aka haɗa da niƙaƙƙiyar gyaɗa da ɗan sukari su dama kunu a gida da safe da yamma.

Idan mutane sun fi abinci yawa fa, a ƙara ruwa ko a mayar da wasu? Hadisin Muslim ya ce abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu, an kuma ruwaito Umar yana cewa mutane ba sa halaka a kan rabin cikinsu. Gaskiya ne, amma rabin ƙoshi ake nufi, mu kuwa tukunyarmu tun farko ba ta kai rabi ba. Abincin mutum 500 da muka lissafa a sama, in aka raba wa 700, kowa ya tashi da kalori 600. A ra'ayinmu a nan ya kamata a tsaya. Ƙasa da haka, matar da ta yi tafiya mai nisa ta tsaya awanni a rana, ta bar itacen da za ta sayar ko wankin da za ta yi a biya ta, ta yi asara ne. Kuma ƙarin ruwa yaudara ce ga ciki, yaro ya ji ya cika alhali babu abin da ya shiga jikinsa. Daga wannan iyaka sai a koma karɓa-karɓa: katuna kala biyu, masu wannan kala yau, masu waccan gobe, rukunin masu rauni kuma kullum. Wa zai fara? A jefa ƙuri'a a gaban jama'a. Ba caca ba ce, da ita aka yanke wa zai riƙi Nana Maryam kamar yadda ya zo a Ali Imrana aya ta 44, Annabi ma yakan jefa ta tsakanin matansa in zai yi tafiya. Amfaninta shi ne wanda bai samu ba ba shi da fuskar da zai riƙe a zuciya. Tsarin wanda ya riga zuwa shi zai samu kuwa, a guje shi, domin lada ce ga mai ƙarfin ƙafa da wanda gidansa ke kusa.

Akwai kuma waɗanda ba za su taɓa zuwa layi ba. Suratul Baƙara aya ta 273 ta siffanta su: wanda bai sani ba yana zaton mawadata ne saboda kamun kai. A cikinmu su ne matan kulle, da mai takaba da ba za ta fita ba har wata huɗu da kwana goma, da ɗan kasuwar da jiya shi ke ba da zakka, da malamin makarantar da ba zai iya tsayuwa bayan ɗalibinsa da kwano ba. Rajistar da aka yi a bakin tukunya ba ta ganin su. Sai mata biyu dattawa sun bi gida-gida, sun shiga har madafi sun ga ko an hura wuta. A kai musu bayan magariba a rufaffen kwano, ta hannun wanda ba ya surutu. Su kuma masu turo kuɗi da ke neman hoto, haƙƙinsu ne su san inda dukiyarsu ta tafi. A tura musu hoton rasit da buhuna a kan sikeli da tukwane da shafin littafi. Fuskar mai karɓa kuwa ba ta cikin abin da suka saya. Hoton da aka sa a Facebook yana nan bayan yaƙi ya ƙare, yarinyar da ke cikinsa za ta girma ta yi aure a garin nan. Aya ta 264 a surar ta gargaɗe mu a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa.

To masu ha'inci fa? Za a samu wanda ya ce gidansa mutum tara ne alhali shida ne, da wanda ya yi rajista a takiyya biyu. A nan kwamitoci sukan kasu, wasu su ce a kore shi ya zama darasi, wasu su kau da kai. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin bayin Haɗibu da suka saci raƙumar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Umar ya fasa yanke musu hannu da ya fahimci yunwa ake bar su da ita, ya ci ubangidansu tarar ninkin kuɗin raƙumar, dirhami 800 a maimakon 400. Bai ce ba a yi laifi ba, ya dai nemi inda laifin ya samo tushe. Wanda ya ƙara kai uku don 'ya'yansa su ci da dare, a gyara katinsa a asirce, kada a tozarta shi, kada kuma a hukunta yaran da laifin uba. Wanda yake karɓa yana sayarwa a kasuwa daban ne, a cire sunansa a ba matarsa katin. Kwamitocin unguwanni masu maƙwabtaka su riƙa haɗa lambobinsu sau ɗaya a mako, a kuma sake ƙirga gidaje duk wata, tunda masu gudun hijira suna zuwa suna tafiya. Kada dai tsoron mutum goma masu ha'inci ya sa a tsaurara bincike har ɗari masu gaskiya su ji kunyar zuwa.

Haɗarin da ya fi na masu karɓa shi ne na masu riƙewa. Kuɗin da ya shigo ta Bankak, manhajar banki ta waya, kada mutum ɗaya ya zama shi ke karɓa, shi ke saye, shi ke riƙe da makullin ɗakin ajiya. A raba wa mutum uku da ba gida ɗaya suka fito ba, kuma babu surukuta a tsakaninsu. Abin da ɗan kasuwa ya cire wajen mayar da kuɗin waya zuwa tsaba a rubuta shi a layinsa, domin a wannan ramin ne kuɗi suka fi ɓacewa ba tare da an iya cewa ga ɓarawo ba. Kada a ajiye kuɗi a fam na Sudan, darajarsa tana zubewa, a mayar da shi hatsi cikin kwana biyu. Wanda ya tuna yadda layukan sadarwa suka ɗauke a Fabrairun 2024, Bankak ta tsaya, tukwane suka huce, ya san amfanin ajiyar mako biyu a ɗaki. A ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a fara da wanda ya riga shigowa. Ranar Juma'a bayan an sallame, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya rage. Mutumin kirki ba ya jin haushin lissafi, shi ne ma yake wanke shi ranar da aka fara gunaguni.

Masu girki da masu ɗebo ruwa da masu faskare kuma a yanka musu kaso sananne a fili. Suratut Tauba aya ta 60 ta sa ma'aikatan zakka cikin rukunai takwas masu haƙƙi, wato shari'a ba ta ɗauka cewa mai aikin jama'a iska yake ci ba. Inda aka ce aikin Allah ne babu ko sisi, a nan ne ɗan mai da 'yar albasa suke bin gefen zane su fita, tun ana jin kunya har a saba. Wannan kaso kuma kada a yanke shi ranar da mutum ya kwanta ciwo. Kwalara ta bazu a jihohi da dama tun daga Agustan 2024, kuma mai girki ɗaya mai gudawa ya isa ya kwantar da unguwa. Idan ta san in ta faɗa za ta rasa abincin 'ya'yanta, za ta ɓoye ta zo aiki. A gaya wa kowa tun farko: mai amai ko gudawa ya zauna a gida, kasonsa zai same shi. A ajiye ruwa da sabulu a bakin madafi da bakin layi, ruwan sha a sa masa kulorin a bar shi rabin awa kafin a sha, kuma kowane ɗan kwamiti ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Saura ranar da babu mai son ambatonta. A Janairun 2025 da Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ƙasashen waje, ɗaruruwan takiyyoyi a faɗin Sudan sun kashe wuta cikin 'yan makonni, mutane da yawa kuma sai da suka iso da kwanoni suka tarar da murhu a sanyaye. Kowane kwamiti ya san kwana nawa ajiyarsa za ta kai, ta hanyar raba abin da ke ɗaki da abin da ake dafawa a yini. Idan lissafi ya nuna saura kwana goma kuma babu alƙawarin da aka tabbatar, a sanar da jama'a a ranar, a masallaci da bakin mata, don mai dangi a wani gari ya fara shiri. A sauka mataki-mataki kamar yadda aka rubuta tun farko: a fara da karɓa-karɓa, sannan kwana uku a mako, sannan a rufe babban layi a bar tukunyar masu rauni ita kaɗai. Buhunan ƙarshe na wannan tukunyar ne, kuma iyayenmu sarakuna da limamai su sa hannu a kan haka tun yanzu, domin ranar da za a aiwatar da shi matasan kwamiti ba za su iya tsayawa su kaɗai a gaban jama'a ba.

Wassalamu alaikum.

Daga 'ya'yanku da ƙannenku, wasu ma'aikatan abinci da lafiya da ɗaliban fiƙihu a cikin Hausawan Sudan.